Shin sojan tilas na Kanada ya yi yaƙi kuwa?

Tambaya: Na karanta cewa ƙasar Kanada ta tilasta wa samarinta shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma na kuma ga masu cewa dokar ba ta tsinana komai ba, wai yaƙin ya ƙare kafin yawancinsu su isa fagen daga. Ina neman bayani a kan abin da irin wannan soja ya fuskanta tun daga ranar da aka kira shi, kuma shin ya yi yaƙi da gaske?

Amsa: Malam, akwai ƙamshin gaskiya a maganar da ka ji, domin alƙaluman da masu ita suke kafa hujja da su ingantattu ne. Cikin mutum 124,588 da aka ɗauka a ƙarƙashin Dokar Aikin Soja ta 1917, 47,509 ne aka tsallakar da su teku zuwa Ingila, kuma 24,132 ne kaɗai suka taka ƙasar Faransa kafin a tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918. Idan aka gwada wannan da mutum kusan 620,000 da suka sa kakin sojan Kanada a tsawon yaƙin, sai a ga kamar ba su taka kara sun karya ba. Sai dai yawan kai kaɗai ba ya warware wannan tambaya. Dole a duba watannin da suka isa, da sashen rundunar da aka zuba su, kuma wanda ya duba waɗannan biyun zai tarar cewa sojan tilas da ya kai Faransa ya faɗa ne cikin wasu daga kwanaki mafiya zubar da jini a tarihin sojan ƙasar.

Kanada ta shiga yaƙin a Agustan 1914 ba tare da an nemi ra'ayinta ba, saboda a lokacin shelar yaƙin Birtaniya ta hau kan dukan daularta. Shekaru biyun farko 'yan sa-kai suka ɗauki nauyin, kuma mafi yawan rukunin farko mutane ne haifaffun Birtaniya da ba su daɗe da yin ƙaura ba. A farkon 1916 Firaminista Robert Borden ya yi alkawarin tara mutum 500,000 daga ƙasar da jama'arta duka ba su wuce kimanin miliyan 8 ba. Kafin shekarar ta ƙare masu kawo kansu sun ja baya ƙwarai, domin gonaki da masana'antun harsashi suna neman hannu kuma suna biya da tsoka, sannan jaridu suna buga sunayen matattu kullum. A Afrilun 1917 an kashe ko an jikkata 'yan Kanada 10,602 a 'yan kwanakin da aka yi ana karɓe tudun Vimy a Faransa daga hannun Jamusawa. Borden yana Turai a wannan lokacin, ya zagaya asibitoci ya ga raunuka da idonsa, ya dawo ya shaida wa majalisa ranar 18 ga Mayu cewa za a koma ɗaukar soja da ƙarfin doka. Dokar ta tabbata ranar 29 ga Agusta.

Ba ta wuce salin alin ba. Masu jin Faransanci na lardin Kebek, waɗanda ɗan jarida Henri Bourassa yake magana da yawun da yawa daga cikinsu, ba su ga dalilin mutuwa domin daular da lardinta na Ontario ya taƙaita koyarwa da harshensu a makarantu tun 1912 ba. Manoma suna tsoron rasa 'ya'yan da ke riƙe musu gona, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suna cewa a fara ɗaukar dukiyar attajirai kafin a ɗauki ran talaka. Borden ya haɗa gwamnatin gamin gambiza, ya bai wa mata 'yan uwan sojoji damar jefa ƙuri'a, ya ƙwace ta daga hannun waɗanda suka fito daga ƙasashen abokan gaba suka sami zama 'yan ƙasa bayan 1902, ya kuma yi wa manoma alkawarin barin 'ya'yansu. Da wannan shiri ya ci zaɓen 17 ga Disamba 1917. A ganina ba a fahimtar zuciyar sojan tilas sai an san cewa ya bar gida ne bayan irin wannan zaɓe.

Abin da saurayin ya fara gani shi ne sanarwar 13 ga Oktoba 1917, wadda ta kira rukunin farko, wato marasa aure da waɗanda matansu suka rasu ba su bar 'ya'ya ba, masu shekara 20 zuwa 34. An ba shi zuwa 10 ga Nuwamba ya je gidan waya ya cike ɗaya daga takardu biyu, ko ta miƙa kai ko ta neman a ɗauke masa. Uzurorin da doka ta yarda da su sun haɗa da aikin da ƙasa ba za ta iya rasawa ba, da ƙuncin da tafiyarsa za ta jefa iyalinsa, da rashin lafiya, da kasancewa ɗan wata ɗariƙar addini da aka san ta haramta ɗaukar makami. Ana sauraron uzurin a gaban kwamitin mutum biyu na yankinsa, ana iya ɗaukaka ƙara har zuwa gaban Mai Shari'a Lyman Duff a Otawa, babban birnin ƙasar. Cikin mutum sama da 400,000 da suka yi rajista, fiye da kashi 90 cikin ɗari neman uzuri suka yi. An saba ɗora wannan a kan Kebek, inda kimanin 115,000 cikin 117,000 suka nema, amma a Ontario, lardin da ya goyi bayan dokar sosai, kimanin 118,000 cikin 125,000 ne suka nema. Bambancin ya fi fitowa a hukuncin kwamitocin, domin na Kebek sun fi sakin mutane.

An soma kiran mutane bariki a farkon Janairun 1918, kuma da lamarin ya ci gaba a haka da ƙalilan ne za su tafi. Abin da ya sauya shi shi ne farmakin da Jamus ta ƙaddamar ranar 21 ga Maris, wanda ya kusa raba sojojin Birtaniya da na Faransa. A watan Afrilu gwamnati ta soke uzurin duk masu shekara 20 zuwa 22, har da 'ya'yan manoman da aka yi wa alkawari wata huɗu da suka wuce, kuma ana bakin shuka. Dubban manoma sun yi tattaki zuwa Otawa a watan Mayu, suka koma hannu rabbana. Kafin wannan, daga 28 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu, tarzoma ta ɓarke a birnin Kebek bayan 'yan sandan tarayya sun kama wani saurayi da ba ya ɗauke da takardar uzurinsa, aka kawo sojoji daga wajen lardin, suka buɗe wuta, farar hula huɗu suka mutu. Dubban samari sun shige daji sun ɓuya. Ɗaya daga cikinsu, jagoran ƙwadago Albert Goodwin, ɗan sanda ya harbe shi a tsibirin Vancouver a Yulin 1918, abin da ya jawo yajin aikin gama-gari na yini guda a birnin Vancouver.

Domin a ga hanyar wanda ya amsa kira, babu misalin da ya fi na George Lawrence Price, wanda tarihin aikinsa sananne ne. An haife shi a Nova Scotia a Disamban 1892, yana zaune a Moose Jaw ta lardin Saskatchewan lokacin da dokar ta hau kansa a Oktoban 1917. Ya yi horon farko a bataliyar karɓar kurata da ke Regina cikin tsananin sanyin hunturu, aka sa shi a jirgin ruwa a Janairun 1918, ya sauka Liverpool a farkon Fabrairu. Daga nan aka kai shi sansanin Bramshott a kudancin Ingila, ya tsallaka Faransa a farkon Mayu, ya isa Bataliya ta 28 a farkon Yuni. Wato daga kira zuwa bakin daga wajen wata bakwai ne da 'yan kwanaki. Wannan tsawon hanya shi ne ainihin dalilin da ya sa alƙaluman suka kankance daga 124,588 zuwa 24,132, domin wanda aka kira a watan Yuni ko Yuli yana Ingila ko yana kan teku aka gama yaƙin.

A barikin Kanada abin da kurtu yake samu kaɗan ne: gwajin likita, allurar rigakafi, kaki, fareti da koyon jin umarni. Albashin farabiti dala 1 ne da santi 10 a rana, daidai da na ɗan sa-kai. Da ya sauka Ingila ana killace shi makonni a sansani na daban domin kada ya yaɗa ƙyanda ko hangum, kuma a ƙarshen 1918 annobar murar nan da ta kai har ƙasar Hausa ta kashe kurata a jiragen ruwa da sansanoni tun ba su ji ƙarar igwa ba. Horon gaske a Ingila ake yin sa, a Bramshott da Witley da Seaford, kuma tsarinsa na mako 14 ne: harbi da bindigar Lee-Enfield, sukar banati, jifan gurneti, sarrafa bindigar Lewis, haƙa rami, da saka takunkumin iska mai guba cikin daƙiƙoƙi. Da buƙata ta tsananta a lokacin bazara aka riƙa gutsure makonnin. A Faransa yakan bi ta babban sansanin Étaples, sannan sansanin da rundunar Kanada take tara masu cike gurbi, inda malaman da suka dawo daga fagen daga suke ƙara masa horo kafin a tura shi bataliya cikin ayarin mutum hamsin ko ɗari.

Tarbar da ya samu a can ba mai daɗi ba ce da farko. Tsofaffin sojojin da suka sha wuyar faɗan Somme a Faransa da na Passchendaele a Beljiyam sun jefa ƙuri'a da gagarumin rinjaye domin a kawo shi, amma suna kallonsa a matsayin wanda ya noƙe shekara uku sai da aka jawo shi da igiya, kuma akwai habaici da gori a wasiƙu da littattafan tunawa na lokacin. Hukumar soja kuwa ba ta ware shi ba. Ba a kafa bataliyar 'yan tilas daban a Faransa ba, babu wata alama a kakinsa, an rarraba shi ne cikin ƙananan rukunonin da ke akwai, ƙarƙashin kofur da saje masu gogayya. Wannan dabara ce mai kyau, domin sabon shiga yana koyo ne daga na kusa da shi, kuma gorin ba ya daɗewa a inda kowa yake buƙatar na gefensa ya riƙe masa wuta.

Yanzu ga inda maganar take. A farkon 1918 ƙarancin mutane ya sa Birtaniya ta rage bataliyoyin kowane dibishin (babban sashen runduna) nata daga 12 zuwa 9. Kwamandan rundunar Kanada, Laftanar Janar Arthur Currie, ya ƙi bin wannan tsari. Aka rushe dibishin na biyar da ke zaune a Ingila aka raba mutanensa, dibishin huɗun da ke Faransa suka ci gaba da bataliya 12 kowanne, har da ƙarin mutum 100 a kowace bataliya. Saboda haka rundunar Kanada ta fi takwarorinta nauyi, kuma aka riƙa sa ta a gaba a farmakin ƙarshe da ake kira Kwana Ɗari. An fara a Amiens ta arewacin Faransa ranar 8 ga Agusta, inda ta kutsa kusan kilomita 13 a yini guda, ta kuma yi asarar mutum kimanin 11,800 cikin mako biyu. Aka ɗauke ta zuwa Arras a ƙarshen watan, ta fasa layin tsaron Jamus na Drocourt-Quéant ranar 2 ga Satumba, ta tsallake mashigin ruwan Canal du Nord ranar 27 ga Satumba, ta shiga Cambrai ranar 9 ga Oktoba, ta karɓi Valenciennes a farkon Nuwamba, ta isa Mons a daren ƙarshe. Daga 8 ga Agusta zuwa 11 ga Nuwamba an kashe, ko an jikkata, ko an kama mutum 45,835.

Mafi yawan wannan asara a kan sojan ƙasa, wato masu yaƙi da ƙafa, ta faɗa, kuma sojan ƙasa a rundunar bataliya 48 ne masu mutum wajen dubu kowace, wato kimanin 50,000 idan sun cika. Wanda ya ajiye 24,132 kusa da wannan adadi, maimakon kusa da 620,000, zai ga wani hoto dabam, musamman da yake galibin 'yan tilas sojan ƙasa aka mai da su, ba direbobi ko ma'aikatan ofis ba. Ragowar dibishin na biyar da waɗanda suka warke daga rauni sun cike gurbin Amiens, amma daga tsakiyar Agusta zuwa gaba ayarin da ke isowa yana ƙara cika da 'yan tilas. A Chérisy, ranakun 27 da 28 ga Agusta, Bataliya ta 22 ta masu jin Faransanci ta rasa dukan hafsoshin da suka shiga faɗan, wasu sun mutu wasu sun jikkata, ciki har da Georges Vanier wanda ya rasa ƙafa kuma daga baya ya zama Gwamna Janar. Bataliyar da aka yi wa irin wannan ɓarna ba ta komawa fagen daga bayan wata guda sai da sababbin mutane, kuma a kakar 1918 dokar tilas ce babbar hanyar samunsu. Ban ce ba don su ba da Jamus ta ci yaƙin ba, domin Amurka ta riga ta zubo sojoji. Abin da nake cewa shi ne da Currie bai iya kai manyan hare-hare a jere cikin wata uku da bataliyoyi cikakku ba.

Yaƙin da suka tarar ya bambanta da zaman ramukan da aka fi sani. Tafiya ce a fili, ana bin bayan ruwan harsashin igwa da ke matsawa gaba a hankali, ana afka wa ramukan bindigogi masu sarrafa kansu da Jamusawa suke bari a baya, daga baya kuma ana bi gida-gida a ƙauyukan da farar hula suke ciki. Irin wannan faɗa ya fi cin wanda bai goge ba, kuma akwai waɗanda suka mutu cikin kwanakin farko da isarsu, tun abokan rukuninsu ba su gama riƙe sunayensu ba. Price ya shaƙi iska mai guba a farkon Satumba kusa da Canal du Nord, ya yi jinya, ya koma bataliyarsa kafin watan ya ƙare. Da safiyar 11 ga Nuwamba, bayan saƙon tsagaita wuta da ƙarfe 11 ya riga ya iso, yana cikin 'yan sintiri kaɗan da suka tsallaka gadar Canal du Centre zuwa ƙauyen Ville-sur-Haine, gabas da Mons a Beljiyam, domin bincika gidajen da ake harbi daga cikinsu. Yana fitowa titi wani maharbi da ke ɓoye ya same shi a ƙirji, ya cika da ƙarfe 10:58 yana da shekara 25. Shi ake ɗauka a matsayin sojan daular Birtaniya na ƙarshe da aka kashe a fagen daga kafin tsagaita wutar, kuma kabarinsa yana maƙabartar soja ta St Symphorien. Batun rayukan da aka rasa a Mons a wannan rana ya bi Currie har gida, sai da ya kai wata jaridar garin Port Hope ƙara kan ɓata suna, a 1928 kotu ta ba shi gaskiya da diyyar dala 500.

Tsagaita wuta ba ta sallami sojan tilas nan take ba. Waɗanda ke dibishin na ɗaya da na biyu sun taka da ƙafa har kogin Rhine, suka tsallaka shi a Cologne da Bonn a Disamba. Wasu kuma gabas aka nufa da su: cikin 'yan Kanada kimanin 4,200 da aka tura Vladivostok a Rasha, fiye da kashi ɗaya cikin uku 'yan tilas ne, kuma ranar 21 ga Disamba 1918 wasu 'yan Kebek na Bataliya ta 259 suka tirje a tsakiyar titin birnin Victoria suka ƙi shiga jirgi, suna ganin an kira su ne domin yaƙin da ya riga ya ƙare. Da bakin banati aka kora su zuwa tashar jirgin. A sansanin Kinmel Park na Wales kuwa, inda dubbai suke jiran jirgin komawa gida, labarin cewa an ba dibishin na uku, mai 'yan tilas da yawa, gaba a kan mutanen da suka shekara uku ko huɗu a Turai yana cikin abubuwan da suka hura wutar boren 4 da 5 ga Maris 1919, wanda mutum biyar suka mutu a cikinsa. Waɗanda suka gudu daji an yi musu afuwa a Disamban 1919.

Mai yiwuwa wani ɓangare na abin da ka karanta a kan Yaƙin Duniya na Biyu yake magana, domin a can hujjar masu cewa dokar ba ta yi tasiri ba ta fi ƙarfi. Firaminista Mackenzie King, wanda ya ga yadda 1917 ta wargaza jam'iyyarsa, ya kafa dokar 1940 da ta tilasta aikin soja domin tsaron gida kawai. A ƙuri'ar raba gardama ta 27 ga Afrilu 1942 kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun sake masa mara ya tura su waje, Kebek kuma ta ƙi da fiye da kashi 70 cikin ɗari, sai ya ci gaba da jan ƙafa. Waɗannan sojoji, da ake yi wa gori da sunan zombi, sun yi gadin gaɓar teku, an kuma kai wasunsu tsibirin Kiska na yankin Alaska a Agustan 1943 suka tarar Japanawa sun riga sun fice. Sai ranar 23 ga Nuwamba 1944, bayan asarar sojan ƙasa a Normandy da Italiya da bakin kogin Scheldt, aka ba da umarnin tura 16,000, abin da ya jawo boren kwanaki a sansanin Terrace na yammacin Kanada. A ƙarshe 12,908 aka tura Turai, 2,463 suka kai bataliyoyin bakin daga, 69 suka mutu.

Idan wani soja takamaimai kake bincike a kansa, Hukumar Laburare da Adana Kayan Tarihi ta Kanada ta ɗora fayilolin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya a intanet, ta kammala aikin a 2018, kuma kyauta ake buɗe su. Shafin farko yakan raba gardama, domin ɗan sa-kai yana da takardar rantsuwa mai tambayoyi da amsoshi, shi kuwa ɗan tilas takardarsa shafi ɗaya ce mai ɗauke da bayanin cewa an ɗauke shi a ƙarƙashin Dokar Aikin Soja ta 1917, kuma lambar da yawansu tana farawa daga miliyan 3 ko 4, ko da yake ta Price 256265 ce. Daga nan sai ka nemi takardar da ke jera sauye-sauyen wurin aikinsa, ka ga ranar da bataliya ta karɓe shi a Faransa, sannan ka buɗe kundin yau da kullum na wannan bataliya, wanda shi ma yana intanet, ka karanta inda take da abin da ta yi daga wannan rana zuwa ranar da sunansa ya fita daga lissafinta.